Koren Ruwa a Rijiyar Modibbo

Kai mai karatu, kafin ka ci gaba, tashi ka zaga gidanka. Dubi inda ramin masai yake, dubi inda kuke ɗiban ruwan sha, ka taka tsakaninsu da ƙafarka. In ka ga kusa ne, ajiye karatun nan ka nemo dubagari tukuna. Ni Hannatu, matar marigayi Modibbo ta Gadarif, ban fito da wasiƙun nan don a ji daɗin hira ba. Tsakanina ne da ɗana Ɗanliti, a daminar da ya tafi aikin riɗi a gonakin Fashaga ya bar mini matarsa Jummare da 'yarsu Ma'u. Matan unguwa sun yi ta ba da labarin suna ƙara masa gishiri, to ga shi yadda yake, da nawa da nasa, kuma da saninsa. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

*

Gadarif, farkon damina

Zuwa ga Ɗanliti, a kambo, sansanin ma'aikatan gona, Fashaga.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka, kuma shuka ta fito da kyau. Mu nan lafiya lau. Jummare na gaishe ka. Ma'u ta fara haƙori, tana cizon duk wanda ya ɗauke ta. Gwiwata da sauƙi.

Yanzu ga magana. Zauna ka karanta, ba a tsaye ba.

Tun da ruwa ya sauka gudawa ta shigo unguwa. Huseina 'yar maƙwabciyarmu Ummusalama sai da aka kwantar da ita asibiti ana ƙara mata ruwa, Allah dai ya yi da sauran kwananta. Sai hukumar ruwa da ta lafiya na wilaya, wato jiha, suka turo mutane suna bin duk inda ake ɗiban ruwa. Ka san rabin unguwa daga rijiyar mahaifinka suke sha, saboda haka da mu aka fara.

Wadda ta zo mana mufattisha ce, wato dubagari, sunanta Ustaza Zainaba, 'yar Mafaza, Hausarta kamar tawa. Ta ɗebi ruwan a kwalba, sannan ta ce, "Hajja, ina masai?" Na kai ta bayan madafa, wurin sabon da kuka haƙa da rani kai da Baffanka Cindo. Ta taka daga bakinsa ta nufi rijiya, kafin in gyara mayafina ta isa. Ta ce, "Wa ya zaɓi wurin nan?"

Na ce, "Kunya ce ta zaɓa." Na faɗa mata tsohon da ke kusa da zaure ya cika, kuma Jummare ba ta iya wucewa da buta a gaban mazan da ke zama a can, shi ya sa kuka ɓoye sabon a baya, kuka kuma kauce wa alƙibla.

Ta ce, "Alƙibla kam kun kiyaye ta, Hajja. Ruwa kuka manta."

Ta tuna mini abin da kowane ɗan Gadarif ya sani bai kuma yi tunani a kai ba. Baƙar ƙasar nan tamu da rani tana tsagewa har hannu ya shige, ruwan farko kuwa ta cikin tsagar yake bi, ya kwashi abin da ya tarar ya kai inda ya ga dama. Don haka doka ta yanka nisan da za a bari tsakanin masai da rijiyar sha, ta ce a gina cikin ramin, kuma a sanar kafin a haƙa. Mu ba mu yi ko ɗaya ba.

Ta zuba wani koren rini a masan, ta bi shi da ruwa. Suka ɗora wa rijiya murfin ƙarfe, suka sa kwaɗo, suka shafa jan fenti. Za su dawo bayan an yi ruwa mai ƙarfi a ga ko rinin ya ratsa. Ban hana su ba, kuma ba zan hana ba. Mu da maƙwabta yanzu ruwan famfon hukuma muke sha, wanda masu karro, wato amalanken jaki, ke kawowa.

Na ba Jatau direban lori wasiƙar nan. Ka kula da salla, ka kuma tafasa ruwan hafir, tafkin nan da ake tara ruwan sama, kafin ka sha, na san halinka.

Mahaifiyarka.

*

Fashaga

Inna,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. A gaishe da Jummare da Ma'u. Ni lafiya, sai aikin cire ciyawa da sauro.

Tun zuwana ban ga takarda daga gida ba. An ce lorin Jatau ya kafe a laka. Sai ga Ɗanlami ɗan unguwarmu ya iso a tarakta, ya faɗa mini a gaban mutane, muna kan akushi, cewa hukuma ta sa wa rijiyar Baba kwaɗo. Wai kina tsaye aka yi, har shayi kika ba su. Inna, hannuna na cire daga abincin.

Lokacin da Baba ya fasa dutsen nan har ya kai ga ruwa, ina hukumar take? Ya ce sadaka ce, kada a hana kowa, ko Bahaushe ko Balarabe ko baƙon da ya zo yankan dawa. Hukumar da famfonta ke yin kwana da kwanaki bai ɗiga ba, ita za ta koya mana ruwa? Gudawa kuwa kowace damina ana yi.

Na aika wa Baffa Cindo ya je ya cire kwaɗon. Ki yi haƙuri, kada ki sa kanki a ciki, wannan abin maza ne. Ni ba zan iya tahowa ba, hanya ta yanke, kuma mai gona ba zai sake ni ba.

Ɗanki, Ɗanliti.

*

Gadarif

Ɗanliti,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Huseina ta dawo gida, ta rame kamar sillen kara amma tana cin abinci. Na ga wasiƙarka ta saɓa da tawa a hanya. Kafin ka yanke hukunci kan uwarka, da ka jira ka ji daga bakinta, ba daga bakin Ɗanlami ba, wanda ko ranar sunansa ba a gama magana ba ya kai ta kasuwa. Shayi kuwa na ba su. Baƙo ba ya shiga gidan mahaifinka ya fita da busasshen baki, ko da kwaɗo ya zo.

Baffanka ya zo da hantsi, da guduma a cikin aljihun jallabiya, tana jan rigar gefe guda. Na riga na shimfiɗa darduma a kan murfin na zauna da carbina.

Ya ce, "Matar Yaya, yau kuma a kan rijiya ake lazimi?"

Na ce, "A nan ladan yake. Me ke jan rigarka?"

"Ɗan abin gyara ne."

"Gyaran da ka yi mana da rani bai isa ba?"

"Wallahi ruwan nan shekara da shekaru muke sha, ga mu garau."

"Garau? Ba kai aka ce ranar Juma'a ka fita daga sahu da gudu ka bar takalmi ba?"

"Wannan waken ful ɗin kasuwa ne ya ɓata mini ciki, ya shekha!"

Na ce, "To bisimilla. Fara ta kaina, in ya so ka kai ga kwaɗon." Ya tsaya yana kallona, ya ce shi dama bai taɓa ganin ranar da ya ci ni da magana ba. Jummare ta kawo masa shayi, ya sha, ya tafi da gudumarsa.

Bayan nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ustaza Zainaba ta dawo, unguwa ta taru. Da aka buɗe na ce Cindo ne zai ja guga, tunda shi ne mai shaidar garau. Ya ja. Ɗanliti, ruwan da ya fito kore ne shar, kamar an dama lalo a ciki. Sai Ummusalama ta matso ta leƙa gugan, ta ce, "Hajja, wannan na riƙa ba Huseina?" Na ce, "Shi ne." Ruwa ba ya tsami banza.

Ka ce abin maza ne. Na yi sakandare tun ba a yi tunanin haihuwarka ba, na kuma ga ƙwayoyin cuta da idona suna iyo a ɗigon ruwa, a madubin ɗakin kimiyya. Ba su tambayi ko namiji ne ke leƙensu ba. Kuma sadakar da ke kwantar da 'ya'yan mutane a asibiti ba ita mahaifinka ya bari ba.

Ga hukuncin hukuma. Ko dai a kwashe masan nan a zuba masa farar ƙasa a cike shi, a haƙa wani a nisan da doka ta ce, a wanke rijiya da magani a sake gwada ta, ko kuwa a cike rijiyar ita kanta har abada. Ustaza ta ja igiyar awo ta zaga gidan kaf. Wurin tsohon masai ya rufta, ba ya haƙuwa. Wuri ɗaya ne ya cika nisan: gefen zaure, inda ka jibge jan tubalinka za ka gina ɗaki.

Na ce a haƙa. Filin nan yanzu ba na kowa ba ne, na larura ne. Za a kuma ɗebi tubalinka a gina cikin ramin, don ba na son a jira rani.

Mahaifiyarka.

*

Fashaga

Inna,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau. Wasiƙunki biyu sun iso tare, ta farkon duk ta sha laka.

Koren ruwa ban musa ba, kuma na ji kunyar Ummusalama. A ba ta haƙuri a madadina.

Amma na karanta inda kika ce filin ba na kowa ba ne. Na maimaita shi har na haddace. Na gane. Ashe ni ba ni da ko taku ɗaya a gidan Baba.

Inna, kin san yadda tubalin nan ya taru. Kowace kaka nakan tsaya cikin riɗi daga fitowar rana har faɗuwarta, kunama na ƙarƙashin kowane dami, in na dawo in sayi abin da ya samu in ƙara a kai. Na yi wa Jummare alkawarin ɗakin da ba ya yoyo, ta daina tara kwanoni a kan gado duk damina. Yanzu tubalina zai zama bangon masai, duk wanda ya zauna a zaure ya nuna ya ce ga ɗakin Ɗanliti can.

In dai zaɓi aka bayar, ai famfo na nan, masu karro na nan. Mutane da yawa ba su da rijiya kuma suna raye.

In an gama yankan riɗi ina tunanin wucewa garin Fau, ana neman ma'aikata a gonakin Rahad. In na sami wuri zan aiko a kawo mini Jummare da Ma'u. Ban faɗa don ɓacin ranki ba.

Ɗanki.

*

Gadarif

Ɗanliti,

Muna lafiya, Ma'u ta fara tsayuwa da bango. Allah ya kiyaye ku da kunama.

Jiya kai ne mai kukan rijiyar Baba har ka cire hannu daga akushi. Yau da ta taɓa tubalinka, ka tuna famfo na nan. Wane famfon? Wanda ka ce yana kwana da kwanaki bai ɗiga ba? Ranar da ya ɗauke, mai karro ya ɓace, ina Ummusalama za ta nufa da tulunta, in ba hafir ɗin da shanu ke shiga ba? In mutum ba ya son sadaka sai ranar da ba ta ci masa komai ba, wannan ba so ba ne.

Layin da ka haddace, ka haddace rabinsa. Na ce na larura ne. Gidan nan naka ne da 'yan'uwanka, ba wanda ya cire ka. Amma gado ba fili kaɗai ba ne. Ka gaji rijiyar, ka gaji maƙwabtan da ke sha daga cikinta, ka kuma gaji ramin da ka haƙa da hannunka.

An yi aikin. An kwashe na bayan madafa an cike shi. Sabon ya ginu, Ustaza ta zo ta duba da idonta kafin a rufe bakinsa. Baffanka ne ya tsaya a kan magina, ya kira liman ya duba alƙibla, yanzu ya fi kowa iya faɗin dokar, har yana tsare mutane a kasuwa yana tambayarsu ina masansu. Na sa an ja dangar zana daga madafa har ƙofar, Jummare na wucewa ba wanda ya gan ta daga zaure. Ka ga ashe kunya dangar zana take buƙata, ba ruwan shan mutane ba.

An zuba wa rijiya magani an kwashe, an sake zubawa. Kwaɗo na nan har sai gwaji ya fito da kyau.

Batun wurin kwananku an gama shi, ba sai na cika takarda ba. Fau kuwa ba bayan duniya ba ce, lori na zuwa. Ba zan riƙe ka ba, ba kuma zan roƙe ka ba.

Mahaifiyarka.

*

Daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba har ruwa ya ɗauke, riɗi ya nuna. Na san lokacin yanka ba a ɗaga kai, don in ya bushe a tsaye zubewa yake yi. Duk da haka, duk lorin da ya tsaya a bakin layi sai na ga Jummare ta bar abin da take yi. Ni ban tashi ba, amma ina ji.

*

Fashaga, bayan yanka

Inna,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara. Mun gama yanka lafiya, saura kaɗe dami.

Jatau ya zo ɗaukar buhuna, ya faɗa mini abin da ba ki rubuta ba. Ya ce da ya kai miki saƙo ya tarar da ke a bukkar ciyawarmu, da gadonki da akwatin littattafanki, kwano a ƙasa yana tarar yoyo. Jummare da Ma'u kuma suna ɗakin dutsen da Baba ya gina miki. Ya ce Jummare ta yi kuka ta ƙi shiga, kika ce umarni ne ba shawara ba. Ya ce tun ranar da aka ɗebi tubalin farko kika ƙaura.

Inna, ni ina nan ina lissafin taku, ke kina kwana cikin yoyo da wannan gwiwar. Ba zai yiwu ba. Ki koma ɗakinki. Uwa ba ta kwana a bukka ɗa yana ƙarƙashin rufin kwano.

Maganar Fau na bar ta. Ina tahowa da lorin farko bayan an ɗinke buhuna. A gaya mini ko an cire kwaɗon.

Ɗanki, Ɗanliti.

*

Gadarif, kaka

Ɗanliti,

Wa alaikumus salam. Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Kowa lafiya. Jatau kuwa zan gamu da shi, direba aka ɗauke shi ba mai shela ba.

An cire kwaɗon. Gwaji ya fito da kyau, aka sake, ya sake fitowa da kyau. Sun sa mun ɗaga bakin rijiyar da siminti, da murfi, da guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa, kuma za su riƙa zuwa suna ɗiban ruwan lokaci-lokaci. Ranar da aka buɗe, Baffanka ya miƙa hannu zai ja, na ce a'a, Ummusalama ce. Ta ja, ta ɗaga moɗa ta duba a rana, ta sha, sannan ta ba Huseina. Sai da yarinyar ta shanye sannan na zauna.

Ɗaki ba zan koma ba, kada ka ɓata bakinka. Ban yi don in lallashe ka ba. Ni na ce a haƙa, kuma wanda ya yanke hukunci shi ya kamata ya fara ɗanɗana shi. Alkawarin da ka yi wa matarka na ɗakin da ba ya yoyo ya cika, ko da ba ta hanyar da ka so ba. In bukkar ta dame ka, sauran tubalinka na nan, ciyawa ta bushe a daji, kana da hannu biyu. Ka zo ka yi mini bango da sabuwar jinka kafin wata damina. Ka taho da man shafawa na gwiwa in ka biyo ta kasuwa.

Ga abin da na kafa, na faɗa wa Jummare, na faɗa wa Cindo, kai ma ka ji tun kafin ka sauko daga lori. A gidan nan ba mai sake kafa diga a ƙasa, ko ramin masai ne ko na ruwan wanki, sai dubagari ya zo ya ja igiyarsa. In hukuma ta sa kwaɗo, hukuma ce za ta cire, ba guduma ba. Kuma ruwan da ba za ka iya ba Ma'u ba, ba ya fita ƙofar gidan nan da sunan sadaka, ko ina raye ko ba na raye.

Mahaifiyarka, Hannatu.